Yadda mai aikin kwamfuta zai nemi bizar aiki a waje, da rigimar 'yan ƙasa da ke bayan kowane sharaɗi

'Yan uwa masu kodin da masu tsaron intanet da masu harkar data, in har japa ce a ranku ta hanyar aiki to abu na farko da ya kamata ya zauna muku a kai shi ne, irin wannan bizar kamfani ne yake nemar wa mutum ita. A Amurka haka abin yake, a Ingila ma haka, in babu kamfanin da ya ce yana sonka kuma ya yarda zai kashe kuɗinsa a kanka to babu irin wannan bizar, duk ejan ɗin da ya ce maka kawo miliyan kaza zai haɗa maka ita ba tare da kayi intabiyu da kowa ba to kuɗinka yake so kawai. Abu na biyu kuma, wanda shi ne mutanenmu basa tsayawa su duba, kusan duk wani sharaɗi da ka gani a jikin bizar nan an saka shi ne saboda 'yan ƙasar suna ƙorafi ana kwashe musu aiki. Mafi ƙarancin albashin da ake yankewa, harajin da ake ɗora wa kamfani, adadin da ake ƙayyadewa duk shekara, duk daga wannan ƙorafin suka fito. In ka gane wannan zaka san wane kamfani zaka bi, wane mataki ya kamata ka kai kafin ka fara nema, da kuma lokacin da bai kamata ka ɓata kuɗin data ba ma.

Bari mu fara da ta Amurka tunda ita tafi hayaniya, wato H-1B.

Dokar shige da fice ta 1990 ce ta kawo ta, kuma adadin da ake bayarwa a shekara 65,000 ne, sai ƙarin 20,000 na waɗanda suka yi mastas ko abinda ya fi haka a jami'o'in Amurka. Lokacin da harkar intanet ta fara tashe an taɓa ɗaga adadin har 195,000 daga 2001 zuwa 2003, daga baya aka dawo da shi inda yake, kuma tun lokacin majalisarsu ta kasa taɓa 65,000 ɗin saboda duk wanda ya ce a ƙara sai a ce ya sayar da ma'aikatan ƙasa, wanda ya ce a rage kuma manyan kamfanoni su taso masa. Masu nema sun ninka adadin nesa ba kusa ba, shi yasa ake ƙuri'a. A watan Maris kamfani yake saka sunanka, kuɗin rajistar da dala 10 ne yanzu ya koma dala 215, in sunanka ya fito sai kamfanin ya shigar da cikakkun takardu, aiki kuma sai 1 ga Oktoba ake farawa. Shekara uku ake bayarwa, a sabunta ta kai shida. Akwai shekarar da rajistar ta haura 750,000 saboda wasu ƙananan kamfanoni suna haɗa baki su saka sunan mutum ɗaya sau biyar sau goma, sai hukuma ta canza tsari ta koma bin lambar fasfo, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ko kamfani nawa suka saka shi. Don haka wanda zai ce maka yana da kamfanoni da yawa da zasu saka sunanka don sa'arka ta ƙaru, tsohon yayi yake sayar maka, kuma yana iya ja maka a soke takardunka gaba ɗaya.

Kafin kamfani ya shigar da takardarka dole sai ya je ma'aikatar ƙwadago ya cike wata takarda da suke kira LCA, a ciki yake rantsuwa cewa zai biya ka abinda ake biyan mai irin aikinka a wannan garin, ko abinda yake biyan sauran ma'aikatansa in shi yafi yawa, kuma zuwanka bazai lalata yanayin aikin 'yan ƙasa ba. Albashin nan matakai huɗu ne, daga na sabon shiga zuwa na gogagge. To a nan ake yin wasan. Kamfani zai ɗauko mutum mai shekara bakwai yana aiki ya rubuta shi a mataki na ɗaya, a takarda dai bai karya doka ba amma kowa yasan ya samu gogagge a farashin yaro. Akwai kuma wata ƙofa da aka bari tun 1998: kamfanin da masu H-1B suka yi yawa a cikinsa, misali kashi 15 cikin ɗari in babba ne, dole ya tabbatar ya fara neman ɗan ƙasa kuma bai kori kowa ba don ya kawo baƙo, amma in zai biya baƙon dala 60,000 a shekara ko baƙon yana da mastas to an yafe masa wannan sharaɗin. Dala 60,000 a 1998 kuɗi ne, yau kam a harkar manhaja a Kalifoniya ko Siyatil ko sabon shiga ya wuce nan, amma adadin yana nan yadda yake ba'a taɓa shi ba.

Ta wannan ƙofar abinda ya faru a Disney ya faru. A farkon 2015 wajen ma'aikatan kwamfuta 250 aka sallama a Orlando, aka bai wa kamfanonin kwangila irinsu HCL da Cognizant aikin, kuma abinda yafi ƙona wa mutane rai shi ne an ce su zauna su koya wa waɗanda zasu gaje su aikin kafin a basu kuɗin sallama. A wannan shekarar dai irin haka ya faru a kamfanin wuta na Southern California Edison, inda Infosys da Tata suka karɓi aikin ɗaruruwan mutane. Wallahi ko kai ne aka yi wa haka bazaka so jin sunan bizar ba. Kuma ba kamfanonin kwangila kaɗai ba, a 2021 Facebook ya biya wajen dala miliyan 14 don sasanta ƙarar da ma'aikatar shari'a ta shigar cewa yana ɓoye wasu guraben aiki daga 'yan ƙasa yana ajiye wa masu biza da yake nemar wa katin zama, Apple ma ya biya miliyan 25 a 2023 kan magana mai kama da wannan.

Amma fa in ka tsaya a nan ka ɗauki rabin labari ne. Masana tattalin arziki sun daɗe suna auna abin kuma basu haɗu a baki ɗaya ba. John Bound da abokan aikinsa sun lissafa shekarun 1990, suka ce da babu baƙin nan da albashin masu kwamfuta 'yan ƙasa ya fi haka da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, amma kuma suka ce kayan fasaha sun yi arha, kamfanoni sun ci riba, sauran jama'a sun amfana. Giovanni Peri da nasa mutanen sun duba birane suka ga inda baƙi masu kimiyya suka fi shiga albashin 'yan ƙasa masu digiri ma tashi yayi. Britta Glennon kuma ta nuna wani abu da ya shafe mu kai tsaye, in aka tsaurara bizar manyan kamfanoni ba lallai su ɗauki ɗan ƙasa ba, ɗauke aikin suke su kai ofishinsu na Kanada ko Indiya ko Sin. Ni a ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya, abinda ya sa suke ta musu shi ne biza ɗaya ce amma iri biyu ne ke amfani da ita: akwai kamfanin da ya rasa mai iya wani abu ya nemo shi ko ina yake a duniya ya biya shi da tsoka, akwai kuma ɗan kwangilar da yake kwaso mutane da yawa don arha. Na biyun nan shi ke jawo wa kowa baƙin jini, kuma shi ne zai fi saurin amsa maka saƙo, sai ka kula.

Yadda zaka bambance su ba wuya. Bayanan LCA ba sirri bane, ma'aikatar ƙwadago tana sakinsu, hukumar shige da ficensu ta USCIS ma tana da shafin da zaka saka sunan kamfani kaga mutum nawa ya nemar wa biza, nawa aka amince nawa aka ƙi. Ka duba albashin da suka rubuta wa masu irin muƙamin da suke maka tayi da matakin da suka saka su. Ka tambaye su kai tsaye a ofishinsu zaka yi aiki ko tura ka zasu yi wani kamfani, in sun fara kame-kame ka gane. Kuɗin horas da 'yan ƙasa da ake karɓa kan kowace takarda, dala 750 ga ƙaramin kamfani 1,500 ga babba, haramun ne a cire shi daga aljihunka. Ajiye ka a gida babu albashi wai sai an samo maka kwangila shi ma karya doka ne. Duk wanda ya fara da cewa ka turo kuɗin lauya ko na rajista to ka rufe shafin.

Yanzu ga inda lamarin ya tsaya, kuma gara ka ji shi yadda yake. Tun Disamba 2024 da magoya bayan Trump suka kaure a junansu a kan wannan bizar, Elon Musk da Vivek Ramaswamy suna kare ta, su Steve Bannon da Laura Loomer suna sukar ta, aka san akwai abinda ke tafe, har Bernie Sanders da yake can ɗaya gefen na siyasa ya fito yana cewa arhar ma'aikata kamfanoni suke nema. A 19 ga Satumba 2025 Trump ya sa hannu kan umarnin cewa sabuwar takardar H-1B ta wanda yake wajen Amurka sai an biya dala 100,000. Kamfani ne zai biya, ba kai ba, amma ka tambayi kanka wane kamfani ne zai zuba wannan kuɗin kan mai shekara biyu da fara kodin alhali ga 'yan ƙasa da aka sallama suna yawo da takardu. Ƙuri'ar ma an juya ta ta koma fifita wanda aka rubuta a matakin albashi na sama. Ga kuma namu na musamman: tun Yuli 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya, sannan daga 1 ga Janairu 2026 aka dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ziyara da ta karatu da ta zama na dindindin, Nijar kuma aka saka ta cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa Chadi da Sudan tun Yuni 2025. Hanyar da yawancin mutanenmu suke bi da ita ce su je mastas, su yi aikin bayan karatu na shekara ɗaya da ƙarin shekara biyu ga masu kimiyya, cikin shekarun nan uku kamfani yayi ta saka su a ƙuri'a har Allah ya sa a dace, to kaga in babu bizar karatu wannan hanyar ta toshe tun daga bakin ƙofa. Waɗannan dokokin suna juyawa da sauri kuma wasu suna gaban kotu, don haka ranar da zaka ɗauki mataki ka buɗe shafin ofishin jakadancin da kanka ka karanta, kar ka dogara da bidiyon wani na bara. Wanda yake can kuma ya riga ya shiga, ya sani jami'o'i da cibiyoyin bincike da ba na riba ba basa cikin ƙuri'a, kowane wata suna iya nemar wa mutum, albashinsu bai kai na Google ba amma babu jiran Maris.

Sai Ingila, wadda a gaskiya ita tafi kusa da hannun mai nema daga gida.

Nasu tsarin ya fara a Disamba 2020 bayan fitarsu daga Tarayyar Turai. Babu ƙuri'a, babu adadin shekara, har ma sun cire tsohon sharaɗin da yake tilasta wa kamfani ya fara tallata aikin ga 'yan ƙasa na wasu makonni. To da yake sun cire wannan sai suka koma tsare ƙofar da albashi. Mafi ƙarancin albashi da fam 26,200 ne, a Afrilu 2024 aka cilla shi 38,700, a Yuli 2025 ya koma 41,700, aka kuma ce aikin sai ya kai matakin digiri. Kar wannan adadin ya ruɗe ka, domin kowace sana'a tana da nata farashin kuma wanda yafi yawa ake bi, na masu rubuta manhaja ya haura fam 50,000. Ma'anarsa a fili take, ba yara suke so ka zo ka yi gasa da su ba, in zaka zo ka zo a matsayin wanda ya goge. Akwai sassauci ga sabon shiga, misali wanda bai kai shekara 26 ba ko wanda ya gama karatu a can, ana yarda a biya shi kashi 70 na farashin sana'ar, amma na 'yan shekaru ne.

Ga yadda ake yi a aikace. Gwamnatinsu tana da jerin duk kamfanonin da suke da lasisin ɗauko ma'aikaci daga waje, yana shafin gov.uk kyauta, kusan kullum ake sabunta shi. Ka sauke shi ka ajiye, duk tallan aikin da ka gani a LinkedIn ka fara duba sunan kamfanin a ciki kafin ka zauna rubuta wasiƙa, wannan kaɗai zai rage maka wahalar banza sosai. Kasancewar suna a jerin ba yana nufin zasu ɗauke ka ba, wasu sun karɓi lasisin ne saboda mutum ɗaya da suke so, amma in babu sunan to maganar ta ƙare. In kun daidaita zasu baka lambar CoS, wato shaidar cewa kamfanin ya ɗauki nauyinka, lamba ce a kwamfuta ba wata takarda mai hatimi ba, da ita zaka cike fom cikin wata uku. Ba'a sayar da ita. Na maimaita, ba'a sayar da ita, mutanenmu da yawa sun sayar da fili da mota sun sayi CoS na aikin kula da tsofaffi suka isa can babu aikin, har abin ya kai gwamnati ta rufe wannan hanyar ga masu zuwa daga waje a Yuli 2025, yanzu 'yan damfarar sun fara juyowa da sunan aikin IT.

Abubuwan da zaka tanada da kanka: jarabawar Turanci irin wadda hukumarsu ta yarda da ita, IELTS ta UKVI ba ta gama-gari ba, kuma daga Janairu 2026 matakin B2 suke so, ko ka kai digirinka Ecctis, masu tantance takardun karatun waje, su tabbatar da Turanci aka koyar da kai. Gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince, na hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM a Abuja ko Legas. Fam 1,270 da ta kwana 28 a asusunka sai dai in kamfanin ya rubuta zai ɗauki nauyin watanka na farko. Sai kuɗin asibiti, fam 1,035 kowace shekara kowane babba, kuma dunƙule ake biya tun farko, in bizar shekara uku ce kai da matarka ka lissafa da canjin yau kaga inda kake, yara ma suna da nasu. Wannan kuɗin a wajen cinikin albashi ake maganarsa, kamfanoni masu kyau suna biya ko su ranta maka, amma sai ka tambaya, in kayi kunya shikenan. Kamfanonin ma suna biyan nasu harajin kan kowace shekarar da suka riƙe ka, wai don a horas da 'yan ƙasa, shi kuma doka ta hana su ɗora maka.

Akwai wata hanya a Ingilar da mutanenmu na arewa basu cika kula da ita ba, Global Talent, wadda wata cibiya mai suna Tech Nation take tantance wa masu fasaha. Ita bata buƙatar kamfani kwata-kwata, hujja take so cewa kai wani ne ko kana kan hanyar zama wani: manhajar da ka gina mutane suke amfani da ita, gudummawa a buɗaɗɗen kod, wato manhajar da kowa zai iya gani ya gyara, jawabi a manyan taruka, koyar da na baya a tsari, da wasiƙu uku daga manya a fagen. In kana shirya taron masu kodin a Kano ko Zariya ko Jos kana koyar da yara kyauta, ka daina barin abin yana wucewa babu hoto babu rubutu babu adadin waɗanda suka halarta, wata rana shi zai yi maka magana.

Jamus kuma a taƙaice, suna da Blue Card, izinin zama da aiki na ƙwararru, a 2025 albashin da ake nema ga sana'o'in da suke ƙaranci irin IT ya ɗan gaza yuro 44,000, kuma tun ƙarshen 2023 mai aikin IT da bashi da digiri yana iya samu in yana da gogewar shekara uku cikin bakwai da suka wuce. Wannan babban abu ne ga waɗanda suka koyi kodin da kansu. Tun Yuni 2024 kuma akwai Chancenkarte da take baka har shekara ɗaya ka je ka nemi aiki kana ɗan taɓa aikin awa 20 a sati, amma sai ka nuna kuɗin ciyar da kanka. Ka duba jami'arka a shafin anabin, inda ake ganin ko Jamus ta yarda da digirinta, kafin komai. Kanada tana tafiya da maki ne ta Express Entry, kuma a Maris 2025 suka cire makin da ake ba mai takardar tayin aiki saboda an mayar da takardun haja, wanda ya ce zai sayar maka da ita don makinka ya tashi ka san inda ya dosa.

To me zaka yi daga yau zuwa lokacin? Tunda ko'ina ƙofar ta koma ta masu babban albashi, aikin da ke gabanka shi ne ka zama wanda ya cancanci wannan albashin. Satifiket ɗin kwas na wata uku bazai kai ka ba, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasaha 3MTT da makamantansa mafari ne mai kyau amma mafari ne. Sabbin shiga a can ma suna kuka, tun korar 2022 da 2023 da Meta ta sallami 11,000 ta ƙara 10,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, Amazon wajen 27,000, ga kuma AI da yake cin ƙananan ayyuka, ɗan ƙasa mai sabon digiri yana tura takarda ɗari babu amsa, to kai da za'a biya wa lauya da haraji me zai sa a tsallake shi a ɗauke ka? Andela ma, kamfanin da ya yi suna da horas da sabbin masu kodin a Afirka, a 2019 ya sallami kusan ƙananan injiniyoyi 400 ya ce kasuwa gogaggu take so. Ka zaɓi fage ɗaya ka nutsa, tsaron intanet ne, girgije ne wato cloud, tsarin biyan kuɗi ne, ka yi shekara uku zuwa biyar kana riƙe abu na gaske da mutane suke amfani da shi, irin wanda in ya faɗi da tsakar dare kai za'a kira. Masu aiki a bankuna da fintek na gida suna raina abinda suke yi, alhali riƙe tsarin da miliyoyin mutane suke tura kuɗi ta cikinsa da irin netwok ɗinmu gogewa ce da ake saye. A CV ka rubuta abinda ka gina da girmansa da abinda ya canza, shafi ɗaya ko biyu, babu hoto babu jihar asali babu addini, su basa son ganin wannan. Ka karɓi wasiƙar shaidar aiki daga duk inda ka bari tun kuna shiri, mai kwanan wata da bayanin aikin, don in ka bari sai ka buƙata wataƙila manajan ya tafi ko kamfanin ya rufe. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fasfo da NIN da digiri, Muhammad a nan Mohammed a can ya tsayar da mutane da yawa. Turanskirif kuma, wato takardar makin jami'a, ka fara bibiya tun yanzu, kowa yasan yadda ake fama kafin ya fito.

Hanyar da na fi ganin tana aiki ita ce ka fara yi wa kamfanin waje aiki daga gida. In kun shekara ɗaya ko biyu tare sun san hannunka, maganar ɗauke ka zuwa ofishinsu na Landan ko Balin ko Dublin ta zama maganar riƙe ma'aikacin da basa son rasawa, kuma sun fi sakin kuɗi a kan haka. Abinda Glennon ta gano ma yana nufin duk sanda aka ƙara tsaurara biza wasu ayyukan suna fitowa waje neman mutane, yawanci Indiya da Kanada da Poland suke tafiya, amma mai sola da intanet mai ƙarfi a Kaduna shi ma yana iya tsintar rabonsa, kuma dala a hannu kana zaune kusa da iyayenka ba ƙaramin abu bane, wasu da suka lissafa hayar Landan da haraji sun fasa tafiyar da kansu.

Kuma kafin mu yi ta zagin Turawa da wariya, mu tuna mu ma haka muke yi. Kamfanin da zai kawo baƙo Najeriya sai ya samu kason baƙi daga ma'aikatar cikin gida, kuma sharaɗi ne a haɗa shi da 'yan ƙasa masu koyon aikin da zasu gaje shi. A Fabrairu 2024 ma an ƙaddamar da harajin dala 15,000 kan darakta baƙo da 10,000 kan sauran, 'yan kasuwa suka yi ca aka dakatar cikin 'yan kwanaki. Ta ɗaya gefen kuma tafiyar gogaggunmu tana barin rami, bankuna sun yi kukan rasa injiniyoyi a 2022, amma ramin nan shi ne ya sa wasu yara suka samu muƙamin da da sai sun shekara goma suna jira. In kai ne aka bar wa wurin ka riƙe shi da kyau, shi ne gogewar da nake magana a sama.

In Allah ya sa ka samu ka tafi, ka sani zamanka a ɗaure yake da aikinka. A Amurka in aka sallame ka kwana 60 gareka ka samu wani kamfanin da zai ɗauki takardarka ko ka canza matsayi ko ka tattara, a Ingila ma yawanci kwana 60 ake bayarwa bayan an yanke bizar. Lokacin korar 2023 mutane sun sha wuya a kan wannan, har Kanada ta buɗe gurbi 10,000 ga masu H-1B a Yuli na shekarar ya cike cikin kwana biyu. Wannan ɗaurin ne yake sa mai biza ya haƙura da albashin da ɗan ƙasa bazai karɓa ba, ya yi shiru in an ƙara masa awanni, kuma shi ne ainihin abinda 'yan ƙasar suke kuka da shi, don haka kar ka karɓi ƙasa da farashin kasuwa wai don dai ka shiga, kana cutar kanka kana kuma ƙara wa masu neman a rufe ƙofar hujja. Ka duba shafukan albashi irin Levels.fyi da Glassdoor kasan farashin kafin ranar ciniki. Ka karanta kwantiragin da kyau wajen da yake cewa in ka bar aiki kafin shekara kaza zaka mayar da kuɗin biza da na jirgi, ka nemi a rubuta adadin kuma ya dinga raguwa duk wata. Ka ajiye kuɗin cefane da haya na aƙalla wata uku kafin ka fara aiko da na ginin gida, ka ajiye kwafin duk takardar albashi da ta biza a imel ɗinka na kanka ba na ofis ba domin ranar sallama a take suke rufe shi, sannan ka tambayi kamfanin tun a watan farko yaushe zasu fara maka takardun zama na dindindin, a Ingila shekara biyar ce a tsarin da aka saba amma tun Mayu 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da ita goma ga yawancin mutane, sai ka bi labarin ka san wanne zai hau kanka.